Rigar Baba a Zaure Bakwai

'Ya'yana, na san kun ji sunan da ake kirana da shi a Unguwar Masaƙa, ko da yake babu wanda ya taɓa maimaita shi a gabana a cikinku. Buɗe-Rumbu. Na kuma san labarin da ake haɗawa da shi, wai na ɗauki baƙuwa daga Ikko na kai ta har tsakar gidanmu, na kunyata mahaifina a ranar da ya fi buƙatar a rufa masa asiri. Na yi rayuwata ina fassara labarai ina karanta su a gidan rediyo, kuma na san wanda ya riga kai labari kasuwa shi ake ji. Baffa Tanko, ƙanin Baba, shi ya riga ni. To ga nawa a jere, yadda ya faru.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da ake bin layi don sabulu da madarar gwangwani, albashi kuma ya zo ko kada ya zo. Unguwarmu tana tsakanin Bagwai da Watari, gidaje a warwatse cikin gonaki, kowace gona tana gogar kafaɗar 'yar'uwarta. Kakanninmu masaƙa ne. Da yadin kamfani ya cika kasuwa sai saƙa ta mutu, aka bar mu da suna da 'yan gonakin da rabon gado ya yanka ƙanana. Idan ka hau tudun bayan masallaci kana hango ruwan dam yana ƙyalli, amma hanyoyin ruwan duk ɗaya ɓangaren suka nufa. Rijiyarmu takan ƙafe tun kafin bazara, daga nan sai kududdufi, inda mu da shanun Fulani muke sha, kowa da gefensa. Abin da ke biyo baya shi ne kurkunu, tsutsar nan mai tsawo da ke huda ƙafa ta fito a hankali, a riƙa naɗe ta a sillen kara kullum kaɗan-kaɗan har makonni. Ba ta fitowa sai daidai lokacin shuka.

Gwamnatin tarayya tana da wani shiri na raya unguwannin talakawa, kuma sunanmu ya shiga jerin waɗanda za a haƙa wa rijiyar burtsatse. Har an zo an kafa wani ƙarfe a filin gaban masallaci don alamar wurin. Damina biyu ana ɗaure awaki a jikinsa. Sai wata safiya aka miƙo mini takarda a ɗakin labarai, na fassara ta da hannuna, na karanta ta da bakina: kuɗin shirin ya ragu, za a tura jami'ai su zaga, inda aka ga buƙata ta gaske a bar sunansa, sauran a soke. Bayan mako uku Baba, wanda shi ne mai unguwa, ya aiko mini cewa jami'in zai zo ranar Alhamis, ba ya jin Hausa, in zo in yi tafinta.

Na sauka daga mota ranar Laraba da la'asar na kusa wuce unguwarmu don ban gane ta ba. An shafe zauruka da farar ƙasa. An share hanya har an zana mata baki da duwatsu. Ga kujerun aro daga makarantar firamare, ga garwar ruwa garai-garai da jaki ya ɗauko daga famfon Bagwai, an rufe ta da sabon faifai. Ƙarfen nan ma an kwance awakin an yi masa fenti. Na tarar da Baba da Baffa Tanko a zaure, an shimfiɗa rigar saƙi a tsakaninsu. Ita ce riga ta ƙarshe da kakanmu ya saƙa, shuɗiya mai nauyi, da aiki har ciki, sai wata 'yar ƙuna a kafaɗar hagu inda garwashin turare ya taɓa faɗawa aka cike wurin da baƙin zare.

"Baba," na ce bayan mun gaisa, "wannan baƙon talauci ya zo dubawa."

"To ya duba a wani garin."

"Idan bai gan shi a nan ba, rijiyar ma wani garin za ta tafi."

Baffa Tanko ya gyara zaman ƙafarsa ta dama, wadda ya naɗe da tsumma har gwiwa.

"Yaya, ka ji abin da boko yake yi wa yaro. Baƙo zai taso tun daga bakin teku, mu tare shi da tsummokara muna nuna masa miki? Gobe a ce a kasuwar Bagwai Masaƙa sun yi bara a gaban gwamnati. Wa zai ƙara ba mu aure?"

"Baffa, ni na karanta sanarwar."

"Ka karanta. Mu kuma mun ji. An ce za a duba mutane. To za a ga mutane."

Baba bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa.

"Ubana bai taɓa barin baƙo ya san ko mun ci ko ba mu ci ba. Kai aikinka ɗaya. Abin da muka faɗa ka juya masa, kada ka ƙara, kada ka rage."

Da wannan ya ɗaure ni, don ita ce dokar da aka fara koya mini a wurin aiki, kuma ya san da haka.

Tsarin na Baffa ne. Zauruka bakwai baƙon zai shiga, magidanta bakwai zai gani, riga kuwa da ta dace da gwamnatin tarayya ɗaya ce a duk unguwar. Saboda haka Baba zai tarbe shi a cikinta, ya ba da uzuri ya shige gida ya tuɓe. Mu za mu bi da baƙon ta doguwar hanya, Baffa kuma ya yanke ta cikin gonaki da rigar a hammata, ya riga mu isa zaure na gaba. Haka har na bakwai, sannan ya dawo da ita ya jefo ta ta katangar bayan gidanmu, Baba ya sa, ya fito a ci abinci. Mazan da kurkunu ya kama aka ce su wuni a bayan tudu. Mata kuwa ba a ma yi maganarsu ba. Baƙo namiji iyakarsa zaure, kowa ya san wannan, kuma a kan wannan aka gina komai. Duk abin da ke bayan zaure an bar shi yadda yake.

Da hantsi ranar Alhamis mota ta tsaya a gaban masallaci. Wani ƙaton mutum mai kaftani ya fito, Baba ya tare shi da hannu biyu, liman ya fara addu'a. Mutumin ya jira aka shafa, sannan ya zaga ya buɗe ƙofar baya. Wata 'yar siririyar mace ta sauko, da takalmin roba da gilashi da babban fayil a ƙirji.

Baffa ya matso kunnena.

"Da iyalinsa ya zo?"

"Direba ne, Baffa. Ita ce gwamnatin tarayya."

Na ga yadda ya yi lissafi a fuskarsa, na kuma ga inda lissafin ya tsaya. Ya yanke cewa mace mai fayil namiji ce a hukunce, kuma iyakarta zaure. Madam muka riƙa kiranta, har ta tafi ba wanda ya tambayi sunanta.

Takardarta shafi biyu ce. Ta buɗe na farko ta fara da Baba. Yaya ruwan sha a unguwar nan?

"Alhamdulillahi."

Na juya mata: yana gode wa Allah. Akwai cututtuka?

"Lafiya lau muke, sai godiya."

Abinci yana kai ku wata kakar?

"Muna cikin rufin asirin Ubangiji."

Ta ɗaga kai ta dube ni, ta dubi garwar ruwan, ta dubi rigar, ta yi 'yar alama a gurbin da na san ma'anarsa. Haka muka yi a zaure na biyu da na uku. Kowane maigida ya fito cikin shuɗiyar saƙi yana haki kaɗan, ya gode wa Allah, ta yi alama. Malam Audu gajere ne, rigar tana share ƙasa a bayansa. Ɗan'asabe dogo ne, ta tsaya masa a gwiwa. Idan muna tafe a hanya nakan hango Baffa can cikin shuka, yana ɗingishi da sauri kamar zakaran da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya, sai in tsaya in nuna wa Madam wata bishiya a ɗaya ɓangaren.

Da muka fito daga zaure na biyar ta tsaya a inuwar darbejiya ta yi mini magana da Turanci, a hankali.

"Malam tafinta, duk mazan garin nan tela ɗaya gare su?"

"Garin masaƙa ne, Madam."

"Kuma garwashi ɗaya ya ƙone su duka a kafaɗar hagu?"

"Ni tafinta ne, Madam."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya takardar ta nuna mini.

"Shafin farko na abin da aka faɗa mini ne, kuma ya kusa cika da godiya. Na biyu na abin da na gani da idona ne. Ba a ba ni shafin rubuta zato ba. Kawo yanzu na ga farar ƙasa da ruwa mai kyau da riga mai tsada. Idan na koma da wannan, ka san abin da za a yi da sunan garinku."

Na sani. Na riƙe wannan sanin har muka gama zaure na bakwai muka dawo ƙofar gidanmu. Zauren babu kowa sai kujeru. Baba bai fito ba, ma'ana rigar ba ta iso ba. Daga baya muka ji cewa ƙafar Baffa ta ƙi a tsakiyar gonar Ɗan'asabe, ya zauna a kan kunya yana jiran ta huce. Liman ya yi mini ido in ja lokaci.

A nan nake so ku natsu, don a nan laifina yake, kuma ba na musunsa. Da akwai hanyoyin jan lokaci da yawa. Da na kai ta ta ga masallaci, ko ramin saƙar kakanmu, ko ƙarfen nan mai fenti. Na tsaya na auna su duka. Sannan na faɗa mata wata magana wadda gaskiya ce tsantsa, kowane malami zai sa mini hannu a kanta.

"Madam, a al'adarmu baƙuwa mace takan shiga ciki ta gaida matan gida."

Gidan ubana ne, shi kaɗai ne gidan da zan iya shiga da ita. Na yi sallama muka shiga.

Inna tana zaune a tabarma a gindin rumbu, ƙafarta a miƙe, tsutsar a naɗe a sillen kara a idon sawunta. Matan maƙwabta da aka tara don girkin baƙo suna kewaye da ita, kuma da yake aikin zaune aka ba waɗanda ba sa iya tsayuwa, kusan kowace da ke kan tabarmar ƙafarta a miƙe take da nata sillen. Tukunya tana tafasa. A cikinta akwai ragon da Inna ta shekara tana kiwo don layya, wanda Baffa ya kwance ba tare da ya tambaye ta ba. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana.

"Kai, wace ce wannan?"

"Gwamnatin tarayya ce, Inna."

Ta dube ta sama da ƙasa.

"Ashe 'yar ƙarama ce. Ita ma ba ta samun abinci? To ka ce mata sannu da zuwa, kuma ragona ne za ta ci."

Na juya, ban ƙara ba, ban rage ba. Madam ta durƙusa ta gaishe ta, ta daɗe tana kallon ƙafar, sannan ta ce tana jin ƙishirwa. Garwar baƙi tana waje. Inna ta sa aka ɗebo a randa. Ruwan ya zo a moɗa, kalarsa kalar kunun kanwa, da wasu ƙananan abubuwa suna harkarsu a ciki.

"Ka ce mata kada ta sha," in ji Inna, "kallo za ta yi. Nata yana zaure, jaki ya kawo. Wannan namu ne da shanu."

Madam ta buɗe shafi na biyu. Ta tambayi hatsi. Inna ta nuna rumbun da haɓa, ta sa aka jingina tsani aka ɗage murfin. Ku lura, ba ni na buɗe shi ba, ko tsanin ban riƙe ba. Madam ta hau da takalminta na roba ta leƙa ciki, ta yi magana, muryarta ta dawo mata.

"Ko ɓera ya ƙaura," in ji Inna. "Yana gidan liman yanzu."

A lokacin ne aka yi gyaran murya daga turakar Baba. Gyaran muryar da ya saba tsayar da faɗan iyakar gona da shi ne. Yana ciki da 'yar shara, yana jin komai, kuma ba shi da halin fitowa gaban gwamnati a haka. Madam ta tambayi ko wane ne.

"Ka ce mata maigidan ne," in ji Inna. "Ba shi da riga."

Wannan ita ce magana ɗaya tak a duk rayuwar aikina da aka ba ni in juya na ƙi. Na ce wa Madam Inna tana ƙara yi mata maraba. Ina so ku riƙe wannan, don Baffa bai taɓa sa shi a nasa labarin ba.

Ban rufe baki ba sai ga wani abu shuɗi ya taso daga bayan katanga, ya buɗe a iska, ya sauka a gaban Madam. Muryar Baffa ta biyo shi daga waje.

"Yaya, yi maza, kafin 'yar fayil ɗin ta gaji da jira."

Madam ta sunkuya ta ɗauki rigar. Ta kakkaɓe ƙurar, ta sa ɗan yatsa a kan ƙunar kafaɗar, ta ninke ta da kyau irin ninkin wadda ta san darajar tufa. Ta taka har ƙofar turakar ta ajiye ta a kan dakali ba tare da ta ɗaga ido ba, ta juya ta fita zaure ta zauna. Bayan ɗan lokaci Baba ya fito cikin rigarsa, a tsanake. Ta miƙe ta gaishe shi kamar yanzu ta fara ganin rigar. Ta ce saura tambaya ɗaya, ko akwai abin da unguwar ke nema daga gwamnati.

"Alhamdulillahi," in ji Baba.

Ta rubuta a shafin farko. Ta ci ragon Inna sosai, ta sha ruwan jaki, ta yi godiya ta tafi.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba Baba ya ce da ni, idonsa a kan hanya:

"Ka koma bakin aikinka."

Damina biyu bai ƙara yi mini magana kai tsaye ba. Idan na zo gida sai ya ce da Inna, ina zaune a gabansa, "Ki tambayi mai rediyo ko ya iso lafiya." Idan lokacin labarai ya yi aka ji muryata sai ya kashe akwatin, ya fita zagaya gona, ya tsaya daidai bayan zauren Malam Audu inda ake jin nasu. Inna kuwa ba wanda ya ce mata komai. An yanke cewa mace ba ta tona asiri, amsa tambaya ta yi, wanda ya kawo mai tambayar shi ne mai laifi. Ban ga kuskure a wannan hukuncin ba.

Sunanmu ya tsira. Unguwar Maƙera da ke gaba da mu, su ma sun shafa farar ƙasa, sun yanka nasu ragon, ba wanda ya shigar da Madam ciki, kuma an soke su. Sun ci gaba da shan kududdufi har wasu shekaru, sai waɗanda ke iya takowa zuwa wurinmu da jarka. Ba na faɗin wannan da alfahari. Bayan kaka ta biyu motar haƙa ta zo, aka zare ƙarfen awaki aka kafa famfon tuƙa-tuƙa. Cikin 'yan damina kaɗan yara suka daina sanin mene ne sillen kara a ƙafa. Baffa ya riƙa faɗa a kasuwa cewa gwamnati ta ga mutane masu sutura da mutunci ta ce waɗannan sun cancanci rijiya, duk da ɓarnar da wani ya so yi. Shi ya fara shan ruwan ranar buɗewa.

Baba ya ce shi ba zai sha ruwan tonon asiri ba. Bai yi rantsuwa ba, faɗa kawai ya yi, amma faɗarsa ba ta komawa. Sai Inna ta ɗauki wata ɗabi'a. Kullum da hantsi takan fita ta ƙofar baya da tulu, ta zaga ta bayan masallaci ta cika shi a famfo, ta dawo ta hanyar tsohuwar rijiya, ta juye a randarsa. Ba ta yarda ta aiki kowa ba. Shi kuma ya sha ya ce ruwan tsohuwar rijiya daban ne, ba ya warin ƙarfe.

Ya dawo yi mini magana a hankali, ta hanyar tambayar farashin taki. Wata Juma'a, ya tsufa sosai a lokacin, ina zaune da shi a zaure aka kawo masa ruwa a moɗa. Ya sha, ya yi hamdala, ya yabi tsohuwar rijiya kamar kullum. Rijiyar ta rufta tun shekara uku kafin nan, kuma shi da kansa ya tara mutane aka cike ramin. Wannan ba a ba ni shi in juya ba. Ya ajiye moɗar, ya dubi ƙofa.

"Ka gaya wa Innarku ta riƙa shigowa da tulun ta gaba. Zagayen nan ya yi wa ƙafarta nisa."

Rigar tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, ni ya bar wa. Duk wanda ta faɗa hannunsa a cikinku, kada ya kai ta a gyara kafaɗar.